Akwatin Exo Terra 45×45×60 don kwaɗin dafi: sai an gyara masa rufi da ƙofa

Wanda ya fara neman akwatin gilashin da zai kiwata kwaɗin dafi a ciki, da wuya ya kwana biyu yana bincike bai ci karo da Exo Terra mai faɗin santimita 45, zurfi 45, tsayi 60 ba. Kamfanin Hagen na Kanada ne mai shi, kuma ya daɗe a hannun masu kiwon ƙadangaru da kwaɗi. Akwati ne mai kyau ga ɗan koyo, ƙasansa na riƙe ruwa, ƙofofinsa biyu ta gaba suke buɗewa, ga ramukan shan iska a jere a ƙarƙashin ƙofa. Sai dai an ƙera shi ne don dabbobi iri-iri, har da masu son bushewa, saboda haka yadda ya fito daga kwali bai isa a zuba kwaɗin dafi a ciki ba. Akwai aikin yini guda da za a yi masa a wurare uku, wato rufi da tsakanin ƙofofi da kafar wayoyi, sannan jiran wata guda ko fiye kafin kwaɗo ya taka shi.

Dalilin gyaran yana jikin dabbar. Kwaɗin dafi 'yan dajin ruwan sama ne na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, daga Nikaragua zuwa Birazil da Bolibiya. Da rana suke yawo, a ƙasa, cikin busasshen ganye. Ba sa shan ruwa da baki, ta fatar ciki suke tsotsa, ta fata kuma suke rasa shi. Suna son danshin iska daga kashi 80 cikin 100 zuwa sama, da zafin da ke tsakanin digiri 21 da 26 a ma'aunin Salshiyas. Sunansu na Turanci, mai nufin kwaɗin dafin kibiya, ya samo asali ne daga mutanen Embera na Kolombiya da ke goga tsinin kibiyar hurawa a bayan kwaɗon Phyllobates terribilis. Dafin daga abinci yake zuwa, daga tururuwa da wasu ƙananan ƙwari na dajin, shi ya sa wanda aka haifa a akwati aka ciyar da ƙuda ba ya ɗauke da shi. Haɗarin da ke cikin wannan kiwo a kan kwaɗon yake: mai ko sabulu ko turaren da ke hannun mutum na iya ratsa fatarsa.

Rufi

Rufin akwatin raga ce ta ƙarfe daga gefe zuwa gefe. Ga hawainiya wannan alheri ne. Ga kwaɗin dafi kuwa, a nan gizo ke saƙar, domin ka fesa ruwa da safe, kafin rana ta take danshin ya fice ta sama, ganyen ƙasa ya bushe ƙayau, kwaɗin su maƙale a lungu su daina fitowa. Mai sabon kiwo sai ya ɗauka ƙarin feshi ne magani, ya yi ta fesawa har ƙasa ta zama taɓo alhali iskar na nan a bushe.

Maganin shi ne a auna cikin kowane ɓangaren ragar, tsakanin sandunan roba da suka raba ta, a kai wa mai yankan gilashi ya yanko mai kaurin milimita 3 ko 4, a goge bakinsa kada ya yanki hannu, a ɗora a kan ragar. Kada a rufe duka. A bar tsiri mai faɗin santimita 3 zuwa 5 a buɗe. Inda aka bar tsirin yana da tasiri: in ta gaba ne, iskar da ta shigo ta ramukan ƙarƙashin ƙofa za ta bi jikin gilashin ƙofar ta hau ta fita, sai gaban ya zauna tas babu raɓa, ana ganin ciki. In ta baya ne, iskar za ta ratsa akwatin gaba ɗaya, tsirran bango su ji daɗi, amma ƙofa ta riƙa yin gumi da safe. Ga akwatin farko tsirin gaba ya fi sauƙin sarrafawa. Akwatin da aka toshe ruf babu iska ko kaɗan yana ruɓar da tsirrai, yana kuma tara zafin fitila ba shi da mafita.

Raga da ke ƙarƙashin gilashi kullum a jiƙe take, kuma da daɗewa tana iya yin tsatsa, musamman inda aka huda ta don bakin feshi. Masu son aiki mai ɗorewa kan cire ragar daga firam ɗin gaba ɗaya, su manne gilashi da silikon, su sa raga mai ƙananan ido a tsirin da suka bari. Wannan ya fi kyau, amma ba dole ba ne a shekarar farko.

Ƙofofi da sauran kafofi

Ƙofa biyu abin so ne wajen dasa tsiro da shara, kuma kana iya buɗe ɗaya kaɗai lokacin ciyarwa, kwaɗo bai sami hanyar tsalle ba. Abin da aka biya a kan wannan sauƙi shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin ƙofofin biyu, da wadda ke tsakanin kowace ƙofa da gilashin gefe. Babban kwaɗo ba zai bi ta nan ba, amma abincinsa zai bi. Ƙudan da ake ciyar da kwaɗin da su ba sa tashi, tafiya suke yi, kuma da an zuba su sama suke nufa. Bayan rabin sa'a sai a gan su a kan tebur da bango.

Hanya mafi sauƙi ita ce a samo siririn tiyon iska na tankin kifi, a tsaga shi da reza daga farko zuwa ƙarshe, a cusa a bakin ƙofa ɗaya ya zama kamar leɓe. Hanyar da ta fi tsabta a ido kuwa, a lulluɓe bakin ƙofa ɗaya da siririyar ledar naɗe abinci, a ja zaren silikon a bakin ɗayar, a rufe su, a bari kwana biyu, a buɗe a zare ledar. Silikon ɗin zai bushe daidai da girman tazarar. Ramukan ƙarƙashin ƙofa kuma a manna musu raga mai ƙananan ido ta ciki. Ko an yi duk wannan, ƙuda ɗaya biyu za su fita. Ƙaramin kofi da ruwan khal na tuffa da ɗigon sabulun wanke-wanke a kusa da akwatin yana kama su.

A bayan rufin akwai 'yan kafofin shigar da waya da tiyo, masu marfin zamewa. A rufe wanda ba a amfani da shi, wanda tiyo ya bi a toshe gefensa da silikon. Ƙaramin kwaɗo yana hawa gilashi, kuma kwaɗon da ya fita ɗaki yakan bushe cikin 'yan sa'o'i.

Bangon soso mai siffar dutse da akwatin ke zuwa da shi, a cire shi. Akwai hanyoyin waya a bayansa, kwaɗo kan shige ya maƙale inda hannu ba ya kaiwa, tsirrai kuma ba sa kama shi da kyau. Ɓawon itacen kwak, irin wanda ake yin matoshin kwalba da shi, da aka manne kai tsaye a gilashi da silikon, aka cusa gansakukar sifagnam a tsakanin gutsattsarin, ya fi shi ta kowace fuska, kuma ya fi sauƙi a kan bangon kumfar gwangwani da ake fesawa a sassaƙe a shafe da silikon a manna zaren kwakwa. Na kumfar yana ba da siffa mai kyau, amma in zaren kwakwar bai bushe sarai ba lokacin mannawa, bayan wata biyu zai zube ya bar baƙin silikon tsirara. Kowanne aka zaɓa, silikon ya zama tsantsa, irin na tankin kifi. Na banɗaki ana zuba masa maganin fumfuna, bai dace da fatar kwaɗo ba. A bar shi ya sha iska har warin tsami ya ɗauke gaba ɗaya, kwana uku zuwa mako.

Ƙasan akwati

Nan ne samfurin da aka saba gani ya fi nuna gazawa: babu magudana. Duk ruwan da aka fesa yana taruwa a ƙasa, kuma dole a tanadi hanyar fitar da shi tun kafin a zuba komai. Mai ƙarfin hali zai huda gilashin baya ko na ƙasa da bakin huji mai lu'u-lu'u, a hankali, ruwa na zuba a kai, ya ɗaura mahaɗin bututu da famfon rufewa. Wanda ba ya son kasadar fasa sabon akwati sai ya yanki bututun roba mai faɗin santimita 2, ya yi masa 'yan tsagi a gindi, ya tsayar da shi a kusurwar baya har ya taɓa gilashin ƙasa, ya sa masa marfi, ya ɓoye shi da ɓawo. In ruwa ya taru sai a zura siririn tiyo a zuƙe. Marfin ba ado ba ne, kwaɗo kan faɗa bututu buɗaɗɗe.

Shimfiɗar farko ƙwallayen gasasshen yumɓu ne, irin na masu noman tsirrai a ruwa, kaurin santimita 5 zuwa 7. Ƙasan akwatin 45 sau 45 ne, don haka santimita 6 zai ci kusan lita 12. A wanke su har jan ruwan ya daina fita. A kansu a shimfiɗa ragar roba irin ta taga, a yanka ta ta ɗan fi ƙasan faɗi don gefenta ya hau gilashi, ƙasa ba ta zuba cikin ruwa ba.

Sai ƙasar shuka, kuma a nan ƙasar tukunyar fure ba ta da wuri. Yawanci akwai taki da fararen ƙwayoyin falait a cikinta, kuma a cikin danshi irin wannan takan dunƙule ta toshe cikin 'yan watanni. Wadda masu kiwo suka fi yarda da ita ita ce haɗin ABG, wanda ya ɗauki sunansa daga lambun tsirrai na birnin Atlanta a Amurka. Haɗi ne na ƙananan ɓawon itace irin na masu shuka okid, da zaren itacen fan (wani tsiron daji mai son danshi), da niƙaƙƙen sifagnam, da gawayi, da ɗan fit (ruɓaɓɓen tsiron fadama). Ma'aunin ya ɗan bambanta daga mai haɗawa zuwa mai haɗawa, amma manyan gutsattsari ne ke da rinjaye. In ka damƙe shi a jiƙe ka saki, warwatsewa yake yi, ba ya zama curi. Ruwa na ratsa shi ya wuce, iska na zama a tsakaninsa, kuma yakan yi shekaru bai ruɓe ba. Santimita 5 a gaba, 8 ko 10 a baya. Gangaren yana ƙara wa ido zurfi, yana kuma kiyaye ramukan iskan ƙarƙashin ƙofa daga toshewa, domin gilashin da ke ƙasan ƙofar ba shi da tsayin da zai ɗauki shimfiɗu masu kauri duka.

Doka ɗaya ce a wannan sashe: ruwan ƙasa kada ya taɓa ragar. Ranar da ya taɓa, ƙasar za ta tsotse shi kamar lagwani, ta cika, saiwoyi su ruɓe, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Kwaɗon da ƙafarsa ke kan jiƙaƙƙiyar ƙasa dare da rana yakan kamu da gyambo a tafin ƙafa. A ja layi da alƙalami a gilashin gefe, santimita 2 ƙasa da ragar, in ruwa ya kai layin a zuƙe.

A saman komai sai busasshen ganye, da yawa, har ƙasar ta ɓace. Ganyen magnoliya da na oak sun fi daɗewa. Hotunan intanet sun sa mutane na son shimfiɗar koren gansakuka, amma kwaɗin a cikin ganye suke rayuwa a dajinsu. Nan suke ɓuya, nan suke farauta, kuma saman ganyen na bushewa tsakanin feshi da feshi ya ba ƙafa hutu. Abin mamaki, kwaɗon da ke da maɓoya ko'ina ya fi fitowa fili. Tafki da magangarar ruwa a bar su sai akwati na biyu ko na uku: suna cin fili, famfonsu na toshewa, kuma waɗannan kwaɗi ba gwanayen iyo ba ne.

Fitila, feshi da tsirrai

Akwatin ba ya zuwa da fitila. Fitilar LED mai farin haske kusan 6500K, sa'o'i 12 a kunne bisa agogon kunnawa da kashewa, ta isa. Tsayin santimita 60 na nufin hasken ƙasa ya raunana, saboda haka masu son haske irin su buromeliyad na Neoregelia a ɗaure su a bango ko reshe can sama, gindinsu a waje da ƙasa, in aka binne shi ruɓewa yake yi. Epipremnum da Philodendron da Fittonia da Peperomia suna jure inuwar ƙasa. Ficus pumila yana rufe bango da sauri, amma sai an riƙa bin sa da almakashi, in ba haka ba ya shaƙe kowa. Kowane tsiro a zazzage ƙasarsa, a wanke saiwa, a tsoma shi cikin ruwan bilic kashi 1 a ruwa kashi 19 na 'yan mintoci, a ɗauraye sosai. Gansakuka da tsirrai masu laushi ba sa jure wannan. Dalilin wahalar shi ne katantanwa da ƙwanta: in suka shiga akwatin da aka gama dasawa, fitar da su sai an rushe komai. Tsiron da aka fesa wa maganin ƙwari kuwa wanka ɗaya ba ya tsarkake shi, gara a sayo daga masu shuka don akwatin kwaɗi.

Na'urar feshi irin ta MistKing, mai famfo da tanki da agogon da ke ƙirga daƙiƙa, aikinta na da kyau, feshinta laushi gare shi kamar hazo. Baki ɗaya ko biyu sun ishi wannan akwati, daƙiƙa 10 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini. Amma ga mai akwati ɗaya da ba ya yawan tafiya, kwalbar feshi ta hannu na yin aikin, tana kuma tilasta masa duba akwatin kullum, abin da ɗan koyo ya fi buƙata. Ruwan ya zama tatacce, wanda aka tace da na'urar RO mai cire ma'adinai daga ruwa, ko aka turara. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, ma'adinansa kuma na toshe bakin feshi ya bar farin tabo a gilashi. Ƙananan ma'aunan danshi masu araha sukan rikice da zarar sun jiƙe. Ganye ya fi su gaskiya: in saman ganyen tsirrai ya bushe cikin sa'a biyu ko uku bayan feshi, ƙarƙashin busasshen ganyen ƙasa kuma na da laima, an daidaita.

Zafi ya fi komai saurin kisa. Daga digiri 28 zuwa sama kwaɗin na cikin wahala, kuma yini guda a sama da 30 na iya gamawa da su. Akwatin gilashi ba ya sanyaya kansa, fitila ma na ƙara masa digiri biyu ko uku a kan na ɗaki. A nisanta shi da tagar da rana ke shigowa, a sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi girma da mafi ƙanƙanta, a karanta shi tsawon makonnin jira. In ɗakin ba ya zama ƙasa da 26 sai da na'urar sanyaya ɗaki, to na'urar ta shiga lissafin kayan kiwo, tare da tunanin abin da za a yi ranar da wuta ta ɗauke. Kashe fitila da ɗora kwalbar ƙanƙara a naɗe da tawul a kan rufi na sayen 'yan sa'o'i kawai.

Makonnin jira

Da an gama dasawa sai a zuba masu shara: fararen ƙwari masu tsalle na Folsomia candida, da ƙananan fararen Trichorhina tomentosa masu cin ruɓaɓɓen ganye da kashi. A mako na biyu farar fumfuna za ta lulluɓe itace kamar auduga. Ba ɓarna ba ce, masu tsallen za su cinye ta ta lafa da kanta. A ba akwatin mako 4 zuwa 6. Sauri ya haifi nawa: in kwaɗi suka shiga da wuri sukan cinye masu sharar kafin su yaɗu, su tattake tsirran da ba su kama ba.

Waɗannan makonni su ne lokacin koyon kiwon ƙuda, kuma wannan ne ainihin aikin da babu akwatin da zai ɗauke wa mutum. Iri biyu ake amfani da su, Drosophila melanogaster ƙarami da Drosophila hydei babba, duka marasa tashi. Gwangwanin melanogaster na fara ba da ƙuda cikin kusan mako biyu, na hydei kusan uku. Bayan wata guda a zubar da shi, domin wasu ƙwari masu kama da ƙura, dangin kaska, sukan mamaye tsohon gwangwani su tsallaka zuwa sababbi. Saboda haka kowane mako sai an haɗa sabo, ko da na hannu na cike. Ƙaramin kwaɗo na cin ƙuda 20 zuwa 30 kullum. Babba a ciyar da shi kwana ɗaya a tsallake ɗaya, gwargwadon abin da zai kusa ƙarewa kafin washegari. Kowane ciyarwa a girgiza ƙudan a kofi da garin kalsiyam mai bitamin D3, irin Repashy Calcium Plus, su fito fari fat. Ƙuda kaɗai ba su da kalsiyam isasshe, rashinsa na lanƙwasa ƙashi ya kawo karkarwa. Ƙarancin bitamin A kuma na sa kwaɗo ya riƙa harba harshe ƙuda bai manne ba. Garin na rasa ƙarfi, a ajiye shi a firji a sauya bayan wata 6 da buɗewa.

Wane kwaɗo ya dace da wannan girma? Dendrobates leucomelas, mai baƙi da rawaya ɗan Benezuwela, yana hawa, yana amfani da tsayin nan na 60, yana kuma zama rukuni, uku sun dace. Namijinsa na da kuka mai ƙarfi kamar na tsuntsu, a san da haka in akwatin a ɗakin barci zai zauna. Dendrobates auratus ma ya dace, sai dai wasu launukansa na da kunya. Dendrobates tinctorius, har da shuɗin nan azureus na yankin Sipaliwini a kudancin Suriname, babba ne mai son ƙasa: mace da namiji kawai, domin manyan mata na danne juna har ɗaya ta rame. Gare shi ma akwatin 60×45×45 ya fi wannan, faɗi ya fi masa tsayi amfani. Kada a haɗa jinsi biyu ko launi biyu a akwati ɗaya.

A sayi wanda aka haifa a hannun mai kiwo, wanda ya kai wata uku ko fiye da fita daga ruwa. Waɗannan kwaɗi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, tun 1987, ƙetare iyaka da su sai da takarda. Sabon zuwa ya fara zama a robar keɓewa mai jiƙaƙƙen sifagnam da ganye na aƙalla kwana 30, a ga yana ci, a kai kashinsa likitan dabbobi ya duba tsutsa. Fumfunar da ta yi wa kwaɗin duniya ɓarna, Batrachochytrium dendrobatidis, wadda aka raɗa wa suna a 1999, daga jikin shuɗin kwaɗon dafi na gidan namun daji a Washinton aka ware ta. In ita ko tsutsa ta shiga akwatin da aka dasa, ƙasar da ganyen da ɓawon bango duk zubarwa ne, gilashin kaɗai ake iya wankewa a sake.